Tumatirin Ɗaki da Mitar Wuta

To, Malam Tanimu, na ji bayaninka. Ɗakin noman nan naka ya ba ka kwanduna masu yawa bana, har kana shirin ƙara fitilu. Madalla. Amma zauna tukuna in ba ka misali ɗaya, in ka ga dama ka ɗauka, in ba ka so ka bar mini abina.

An yi wani manomin rani mai fadama ta gado, ita ce ke ciyar da gidansa da albasa da tattasai da tumatir. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne damina. Da ruwa ya sauka sai tumatir ya ɓace a kasuwa, ya yi tsada, shi kuwa lokacin ba shi da ko ƙwaya. Sai ya ji ana noma cikin ɗaki da hasken lantarki, ya ce shi ma bari ya taɓa. Ya share wani tsohon sito a bayan gida, ya toshe tagogi saboda ƙwari, ya jera bokitai cike da ƙasa da taki, ya rataya 'yan fitilu. Maƙwabta har sun fara ƙus-ƙus, wai ɗaki a rufe wuta a kunne, anya ba wiwi mutumin nan yake nomawa ba? Tumatir ne, kuma ya yi kyau. Ranar da ya fito da kwandon farko, ana tsakiyar marka, dillalai suka yi masa caa. A wannan karon ya ci riba, gaskiya dai gaskiya ce, don wutar da ya sha ba ta taka kara ta karya ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mutumin nan tun yana ƙarami ya iya auna iri, ya san buhun taki, ya san ladan 'yan ƙwadago da man injin ban-ruwa. Amma haske fa? Wane manomi ne ya taɓa auna rana? Bai taso ya ga ana sayen haske ba, don haka awonsa ɗaya ne, kwando nawa ya fita ta ƙofa. Abin da ke shigowa ta waya bai sa shi a ma'auni ba, tunda ba a kan jaki ake kawo shi ba. Katin mita yake saye, yau kaɗan jibi kaɗan, daga aljihun da cinikin albasa ke kwana. Da damina ta zagayo sai ya ninka fitilu. Amfani ya ƙaru, amma bai ninka ba, ko kusa. Shuka kamar ciki take, in ta ƙoshi ƙari ba ya yi mata komai. Abin da ya ninka shi ne zafi. Fure ya fara kakkaɓewa, ya sayo fankoki. Fankoki suka gaza, ya sayo na'urar sanyaya ɗaki. Aka ɗauke wuta yini guda shuka ta yi yaushi, ya sayo janareto. Kowannensu kuma da bakin cinsa.

Matarsa mai tuyar ƙosai ce, sau ɗaya ta tanka. Ta ce, "Malam, ni fa in na kwashe ƙosai sai na duba man da ya rage a kasko. Kai ka taɓa duba abin da mitar nan ke ci kafin kwando ɗaya ya cika?"

Ya ce, "Ke dai ji da kaskonki."

Ta juya ta ci gaba da tuyarta.

Ana nan aljihun albasa ya bushe, ga shuka ta ɗauki 'ya'ya, in aka kashe mata wuta an yi asarar duka. Ya yanki gefen fadama ya sayar, yana cewa in an ɗebi tumatir zai sayi wadda ta fi ta. Aka ɗiba, kwanduna suka fi na bara, gogan naka ya ce ashe ƙari ne ke biya, ya sake rataya fitilu. Haka fadama ta riƙa tafiya yanki-yanki, shi yana ta ƙirga kwanduna. Shekarar da ya yi ɗibar da bai taɓa yin irinta ba, har baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto, a shekarar ya sayar da yanki na ƙarshe, wanda rijiyar ban-ruwansa ke ciki. Cinikin kaf ya koma mita da tankin janareto, ko tiyar gero ba ta shiga gidan ba. Rani ya shigo, tumatirin fili ya cika kasuwa araha, na ɗaki ba shi da bakin magana, dole ya kashe fitilu. Washegari ya saɓi fartanya kamar yadda ya saba, ya fito ƙofar gida, ya tsaya. Babu inda za shi. Abin da ban tausayi, da ban haushi kuma, don ba rago ba ne, wallahi ya fi kowa aiki.

Saboda haka, Malam Tanimu, ban ce kada ka ƙara fitila ba, ɗakinka ne. Amma ka duba mita ranar dashe, ka sake duba ta ranar ɗiba, ka san wutar da kowane kwando ya sha. In sabuwar fitila ba ta kawo abin da ya fi cinta ba, sauke ta. Hausawa dai sun riga mu faɗa: garin neman ƙiba, an samo rama.