Karfasa da Dutsen Guga

Kawu na hura gawayin dutsen guga, ga karfasa biyu a kan tabarma, sai matarsa Kyauta ta tsaya a kansa.

"Malam, kifi za ka goge?"

"Amana ce, Kyauta. Maƙwabcinmu Jonah ya bar mini 'yan kifayensa masu faɗi kamar faifai in ciyar. Yau na leƙa gilashin ruwan da suke ciki, sai yashi. Kyanwarki ce ta cinye su. In waɗannan suka baje, ba zai gane ba."

Ya ɗora dutsen ke nan, sai ga sallamar Jonah, ya dawo Gumel daga Makurɗi. Kawu ya bi shi ɗakinsa. Jonah ya jefa tana a ruwan. Yashi ya motsa, kifaye biyu suka taso.

"Haka suke ɓuya. Maƙwabci, me ke ƙauri a gidanka?"