Ranar da Baba Ya Kira Sunan Yaya

Shekarar da soja suka miƙa mulki, Baba ya saɓa ni a wuya, muka je kallon ƙwallon kwalejin su Yaya Sani. Wasan ƙarshe ne na cin kofi, Yaya ne mai tsaron gida. Ana dab da tashi, alƙalin wasa ya busa usur, wai fenariti a kanmu. In ta shiga, kofi ya tafi.

Fili ya kaure: "An saye shi! Surukinsu ne!"

Baba, da ko a kasuwar Wambai ba ya ɗaga murya, ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah!"

Aka buga, Yaya ya cafke. Sai na ji, "Sani! Sanina!" Ɗan fari ne fa, Baba bai taɓa kama sunansa ba. Ya sauke ni a kunyace, ya ce, "Kada Innarki ta ji."

Allah ya jiƙan Baba. Tun daga zaure na fara shela.