Ruwan Wankan Jariri

"Kin sake kayar da ni?" in ji injiniyan a waya.

Aikina duba da ba da maki ga bayanan da injiniyoyi irinsa ke rubuta wa mataimakin AI, don ya san yadda zai sarrafa kowace na'ura. Na yau, na wata na'urar ɗumama ruwa, layi ɗaya ne: "Tana ɗumama ruwan wanka."

"Wankan wa?" na ce. "Babba ko jariri?"

"Haba Anti, ai mataimakin yana da basira."

"Maigidana ma yana da basira, amma saura kaɗan ya dafa mana ɗa."

Ya yi dariya, ya rubuta iyakar zafi a bayanin, da umarnin a tambaya ko wankan wa za a yi. Na ba shi cikakken maki.

Da aka kawo na'urar gidanmu gwaji, mataimakin ya tambaya, na ce na jariri ne, can ya ce ruwa ya yi daidai. Na gode masa, sannan na tsoma gwiwar hannuna a ruwan don in tabbatar.