Shafin Farko

Biron ya fi ƙarfin yatsunta a makon farko. Shekara ashirin da shida tana buga takardu a ofis, har hannun ya manta yadda ake jan layi. Likita ne ya ce ta rage danna na'ura saboda ciwon wuyan hannu, ita kuwa da ba ta iya zaman banza ba ta sayi littafin rubutu mai bangon fata.

Kafin wata biyu son rubutun hannu ya shiga ranta. Tana sauke tukunya za ta ɗauki biro. Ta bi 'ya'yanta da maƙwabta, kowa sai da ya rubuta mata layi ɗaya. Shafin farko kaɗai ta bari fari, na maigidan ne.

Maigidan kuwa dariya yake yi, ya ce rubutunsa tonon kaji ne, kada ya ɓata mata littafi. Tun aurensu haka yake: shi ya faɗa, ita ta buga, ya yi 'yar karce a ƙasa. Ta daɗe tana ɗaukar wannan a matsayin yarda.

Wasiƙa ɗaya ce ta gagare ta, wadda take son aika wa Yaya. Ta fara ta sau tara tana yagawa. Duk lokacin da zuciyarta ta yi sanyi, sai ta buɗe akwati ta ɗauko tsohuwar takardar nan marar sa hannu, wadda aka turo ta ƙarƙashin ƙofa wata guda kafin aurenta na farko da bai yiwu ba. Rubutu ne mai kwanciya baya, kowane ɗigo an zagaye shi kamar ƙwayar gero. Takardar ta ce saurayinta da yayarta suna haɗuwa a ɓoye. Yaya ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, ba ta saurara ba. A rana ɗaya ta rasa su biyun, kuma har yau abin na ci mata rai. Da ba don abokin saurayin ya tsaya mata ba, har ya aure ta daga baya, da ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Ranar Asabar da hantsi aka kira maigidan a waya, ana yi masa kwatancen wani gida. Ya laluba teburi, ya jawo littafinta, ya buɗe inda ya ga fari, yana rubutu yana "to, to".

Da ya fita ta ɗauka da murna.

"A ƙarshe dai na kama ka," ta ce.

Layi uku ne a shafin farko, duk sun kwanta baya, kowane ɗigo a zagaye kamar ƙwayar gero.