Ba Ta Wayar

Wayata ta sake ƙara. Mai kamfanin waƙa ne, mutumin da na yi shekaru ina roƙon maigadinsa ya bar ni in gan shi.

Yaya ta ɗauka, ta buɗe lasifika.

"Ina mawaƙiyarmu?" in ji shi. "Waƙar nan da ta ɗauka a ɗakinta da jita ta karaɗe ko'ina, har masu tasi ita suke sakawa! Ranar Asabar muna son ta a kan dandamali. Ba ta wayar."

"Ba za ta iya magana ba, ranka ya daɗe."

"Fushi take yi don na taɓa korar ta? A yi haƙuri. Ta faɗi abin da take so."

Na fizge wayar. Na buɗe baki, na yunƙura iya ƙarfina, hawaye na zuba. Iska kawai ta fito.

Yaya ta karɓe a hankali.

"Shekaranjiya aka yi mata aiki a maƙogwaro. Likita ya ce muryar ba za ta dawo ba."



"Ayya, sannu. To, akwai wasu waƙoƙin da ta ɗauka ta ajiye?"