Kwabon Inna a Gaban Na'ura

Tun da aka daina kashe tsabar kuɗi, kwabo ya zama abin ajiyar masu sha'awa. Bana kuma ƙungiyarsu ta sauya ma'auni: duk hannun da ya taɓa kwabo, na'ura ta rage masa daraja.

Malam Barau ya kai nasa awo, kwabo mai huda da mahaifiyarsa ta tsufa tana ƙulle shi a bakin zane. A layi ya tarar da amininsa Tanimu, da safar hannu, rungume da kwabbai cikin gilashi.

"Da hannu ka riƙo, Barau? Nawa ko ni ban taɓa su ba!"

"To kuɗi ka tara ko gawa?"

Na'ura ta haska kwabon, ta shiga kiran waɗanda suka taɓa shi: mai ƙosai, mai faskare, ungozoma. Can ta ambaci sunan Inna, mahaifiyarsa.

"Baba," in ji ma'aikaciyar da ke kula da na'urar, "kwabon nan ba shi da sauran daraja. Ko ka bari a narkar da shi, ko ka bar ƙungiya."

Barau ya ɗauke abinsa, ya miƙa wa Tanimu. "Cire safar nan ka ji ɗumin mutane."

Tanimu ya ja baya, ya ɓoye hannunsa.