Buri Goma Sha Ɗaya a Waya Ɗaya

Tunda ka ce kana so ka tsara shekararka, zauna in ba ka wani misali tukuna.

An yi wani manomin rani a bakin wata fadama, wanda duk garin an san shi da albasa. Gonar tasa ba wata babba ba ce, amma in ya dasa, sai ka ga kawunan albasar kamar dunƙulen hannun ƙato. Wata shekara ƙungiyarsu ta manoma ta tura shi bita birni. A can aka sa musu wata manhaja a waya: mutum ya rubuta abin da yake son cimma a shekara, ita kuma ta yayyanka masa shi rana-rana, lokacin kowane aiki ya yi ta yi ƙara. Abin ya burge shi ƙwarai. Tun a mota ya fara rubutu. Ya sa albasa, ya sa kiwon kaji, ya sa haƙa ramin kifi a bayan gida, ya sa ajin koyon Turanci na manya, ya sa haddar izu biyar, ya sa rufin ɗakin da ya bari a buɗe tun bara. Da ya ga manhajar ba ta ce masa ya isa ba, sai ya ci gaba. Kafin ya sauka a tasha ya jera buri goma sha ɗaya, kuma babu ko ɗaya da za ka ce marar kyau ne.

Makon farko abin daɗi, yana tafe yana jin kansa kamar babban ma'aikaci. Daga nan aka fara. Yana tsakiyar ban-ruwa, ruwa bai kai fangali na uku ba, sai waya ta yi ƙara, lokacin kaji ya yi. Ya kashe inji ya hau keke. Bai gama zuba musu dusa ba, ta sake ƙara, ramin kifi. Ya ɗauki shebur ya kwashe ƙasar da ba ta fi kwando biyar ba, ta ce aji. Akwai ranar da aka gan shi tsaye a mararraba, shebur a kafaɗa, littafi a hammata, buhun dusa a bayan keke, yana duban gabas yana duban yamma. Wani ya gaishe shi ya ce ina zuwa haka, ya ce, "Tsaya in duba." Duk aikin da bai yi ba kuwa sai ya koma ja a wayar, jan nan ya yi ta taruwa har ya fara gudun buɗe ta. Sai ya zamana hantsi guda yake ɓatawa a gindin mangwaro yana ɗage ranaku, ya kai na Talata Alhamis, ya tarar Alhamis ɗin ma a cike take, ya dawo da shi Laraba. Ya tashi a gajiye liƙis, alhali bai taɓa ko fartanya ba.

Cikin wannan dagule-dagulen ne, ana tsananin zafi, yatsansa ya kuskure ya danna cewa ya gama ban-ruwan mako guda. Wayar ta daina tuna masa. Shi kuma kwanaki sun riga sun cakuɗe masa, bai san jiya daga shekaranjiya ba. Ran nan matarsa ta ce, "Malam, ni fa na kwana biyu ban ga laka a ƙafarka ba. Anya albasar nan tana shan ruwa?" Ya tsaya ya yi tunani, bai tuna ya je ba, bai kuma tuna bai je ba. Ya ciro waya ya duba, ya ce, "Ga shi nan, ta ce na yi." Sai da ya kwana shida kafin ya leƙa fadama. Ya tarar ƙasa ta tsattsage, ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Ya tayar da inji ya yi ta zuba ruwa har magariba, amma abin da ya tona a ƙarshe bai fi ƙwayar goro girma ba. Kaji rabi sun mutu, ramin kifi ya tsaya iya gwiwa awaki na kwana a ciki, ɗaki yana nan a buɗe ga damina na matsowa.

Maƙwabcinsa a fadamar wani tsoho ne da bai sa komai a gaba ba sai albasa. Manomin nan ya same shi yana ɗinke bakin buhuna, ya zauna ya ce, "Baba, wayar nan ta cuce ni." Tsoho bai ko ɗaga kai daga basillarsa ba, ya ce, "Ita ta rubuta, ko kai?" Manomin ya ciro wayar ya buɗe jerin burace-buracen nan nasa. Nan ya zauna a bakin fangali yana goge su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zo gogewa sai ya ji kamar ana cire masa haƙori, domin har ga Allah yana son su duka. Da ya rage saura biyu, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya runtse ido ya goge ɗaya. Ya bar albasa, ya ce sauran su jira layi, wanda Allah ya nufa lokacinsa zai zo.

To, ka ji. Ka rubuta naka a waya ko a takarda, duk ɗaya ne, amma ka auna bakinka kafin ka cika shi. Masu iya magana sun ce, taura biyu ba ta taunuwa.